Ra'ayinmu: Makarantun Damargu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Kowace shekara, da zarar watan Oktoba ya kama, gidan rediyo na sanar da cewa an koma makaranta a duk faɗin ƙasa. Minista ya ziyarci wata lakwal a Yamai, a ɗauki hoto, a tafa, a watse. Amma duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Agadas, ya ratsa Bakin Birji ya kai Tanut, ko kuwa ya karkata yamma zuwa Belbeji, ya san cewa a ƙauyuka da yawa na Damargu karan hatsi ke tsayar da ranar komawa makaranta. Sai an yanke gero, an ɗaure dammuna, an kai rumbu, sa'annan uwaye su sami karan da za su yi shinge da shi, su kafa dirkoki, su ɗora zana, su tayar da rumfar da za a kira aji. Kafin a gama, Nuwamba ta yi nisa, wani wurin ma sai Disamba. Guguwar bazara ko ruwan farko kuwa, su ke rufe shekara tun kafin sufeto ya rufe ta. Yaron da aka rubuta masa wata tara na karatu a takarda, in ya sami shida ya yi sa'a.

Wa ke tayar da waɗannan rumfuna? Kwamitin kula da makaranta, wanda jama'a suka saba kira COGES, hukuma kuwa ta sake masa suna CGDES a 2012. Shi ke bi gida gida yana tara gudunmawa, shi ke neman mai ɗauko kara da amalanke, shi ke sayen alli in na gwamnati ya ƙare, shi ke samar wa sabon malami ɗakin kwana, shi ke rarrashin uban da ke son cire ɗiyarsa daga aji. Abin da muke son faɗa a wannan mako ɗaya ne: an ɗora wa waɗannan kwamitoci nauyin makaranta, amma an riƙe jakar kuɗi da alƙalamin sa hannu a wani wuri dabam. Muddin ba a haɗa nauyi da iko wuri guda ba, muddin ba a karanta lissafi a bainar jama'a ba, to ko miliyan nawa aka zuba, ɗiyan Tanut da na Belbeji za su ci gaba da zama a ƙasa, cikin rumfar kara.

Ya kamata a tuna inda aka fito. Waɗanda suka yi makaranta a shekarun 1990 ba su manta da yajin aiki ba, da albashin da ake bin gwamnati bashinsa wata da watanni, da shekarun karatu da aka soke ba jarrabawa, da karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994 wadda ta sa farashin littafi da na siminti suka yi tashin gwauron zabo. A lokacin ne gwamnati ta yarda, ko da ba ta faɗa da babbar murya ba, cewa ba ta iya ɗaukar makaranta ita kaɗai. Dokar tsarin ilimi ta ranar 1 ga Yunin 1998 ta raba nauyin tsakanin gwamnati, ƙananan hukumomi da uwaye. Shirin shekara goma na bunƙasa ilimi da aka fara a 2003 ya mai da kwamitocin makarantu ginshiƙi. Wani shiri da ƙasar Japan ta tallafa, wanda ya faro daga jahar Tawa a 2004, ya iso jahar Damagaram, kafin a game ƙasa da shi a 2007, ya kawo ƙa'idoji uku masu sauƙi: a zaɓi wakilan uwaye ta hanyar jefa ƙuri'a a asirce, a tsara aikin shekara a babban taron gari, a kuma dawo gaban wannan taro a ba da rahoton abin da aka yi. Shugaban kwamiti da ma'aji daga cikin uwaye suke fitowa, direktan makaranta shi ne magatakarda, ƙungiyar uwaye mata na da kujera, malamai da ƴan makaranta ma haka. Kwamitocin kowace ƙaramar hukuma kuma suna haɗuwa a tarayya guda.

A takarda tsarin ya yi kyau, kuma sai a faɗi gaskiya, a ƙasa ma ya yi aiki. Yawan yaran da aka rubuta a makaranta ya ƙaru ƙwarai a waɗannan shekaru, kuma da guminsu talakawa suka ɗauki babban kaso na wannan ƙaruwa. Manomin Gangara ko na Falanko da ba shi da tabbacin hatsinsa zai kai shi damina, ya ba da tiya, ya ba da kara, ya ba da ƙarfinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutanen Damargu sun sa nasu hannun. Tambayar ita ce ina ɗaya hannun yake.

Idan an tambayi manyan ma'aikata dalilin da ya sa ba a sakar wa kwamitoci kuɗi kai tsaye, amsar da aka saba ji ita ce ƙauyawa ba su iya lissafi ba, kuɗin zai salwanta. To, mu duba tarihi. Babbar badaƙalar da aka taɓa yi da kuɗin ilimi a ƙasar nan a ofisoshin ma'aikatar ilimin firamare da ke Yamai aka yi ta. A 2006 wani bincike ya bankaɗo aringizon farashi da sayayyar da ba ta bi ƙa'ida ba, na kimanin miliyar huɗu na sefa, daga kuɗin da ƙasashe masu ba da agaji suka zuba. Ministoci biyu da suka riƙe ma'aikatar, Ari Ibrahim da Hamani Haruna, sun rasa kujerunsu, aka kuma tsare su. Masu agaji suka dakatar da kuɗinsu. A ƙarshen Mayun 2007 majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin Hama Amadu a kan wannan magana. Waɗanda suka yi wannan aiki duk sun iya lissafi, sun iya Faransanci, suna da digiri. Babu ma'ajin kwamitin ƙauye ko ɗaya a cikinsu.

An kuma gwada ɗaya hanyar, a nan gida. A ƙarshen 2007 an ɗauki makarantu dubu a jahohin Tawa da Damagaram, aka ba ɗari biyar daga cikinsu tallafi kai tsaye a hannun kwamiti, kusan jikka ɗari ga kowace makaranta idan aka daidaita, aka bar sauran ɗari biyar domin a kwatanta. Masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, sun bi sawun abin da ya faru. Uwaye ba su janye hannunsu ba don an kawo kuɗi. Sai ma suka ƙara shiga harkar makaranta. An yi ƙananan gyare-gyare, yaran ƙananan azuzuwa kuma sun fi tsayawa. Amma sakamakon jarrabawa bai ɗaga ba, kuma fashin malamai ya ɗan ƙaru a makarantun da suka sami tallafin. Shirin bai wuce shekara guda ba.

Wannan sakamako yana da darasi biyu, kuma dole a ɗauke su tare. Na farko, talaka in an ba shi amanar kuɗin makarantar ɗansa, yana riƙewa. Na biyu, kuɗi kaɗai ba ya ba shi iko. Manomin da bai taɓa shiga aji ba, in ya ga mushe ya yi kwana goma a Tanut da sunan karɓar albashi, wa zai kai wa ƙara, kuma wa zai saurare shi? Kwamiti na iya ƙirga kwanakin da aji ya zauna ba malami, amma sufeto ne ke da ikon hukunci. Idan rahoton kwamiti ya tsaya a aljihun tebur, malamin ya gane cewa surutu ne kawai, uwaye kuma su gane cewa sun sayi gaba a banza. Ba mu ɗora laifin duka a kan malamai ba. Mafi yawansu ƴan kwantaragi ne, kuɗinsu kaɗan ne, ya sha zuwa a makare, kuma wanda aka tura can cikin Tenhiya sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya taɓa haƙƙinsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Inda abin ya fi muni shi ne gini. Ga yadda aka saba: ma'aikata, ko ƙaramar hukuma, ko wani shiri na masu agaji, su tsara gina aji biyu ko uku a wani ƙauye. A ba da kwangila a Damagaram ko a Yamai. Wata rana mota ta sauke yashi da bulo, magina su fara aiki. Ba wanda ya gaya wa shugaban kwamiti nawa aka ware, buhun siminti nawa aka rubuta, ƙarfe mai kauri nawa, wata nawa aka ɗibar wa aikin, ko akwai tebura da makewayi a ciki. In ya yi tambaya a ce masa ba huruminsa ba ne. Ranar karɓar aiki tawaga ta zo, a zagaya, a sa hannu, a ci nama, a koma. Dokar kwangila ta tanadi karɓa iri biyu, ta wucin gadi da ta ƙarshe bayan shekara, kuma ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai an tabbata ginin bai nuna aibu ba. Amma wa ke kwana kusa da ginin a wannan shekara? Wa ke ganin daɓen da ya farfashe kafin hutun farko, da bangon da ya tsage, da kwanon da iskar farko ta yaye? Mutanen gari ne, kuma su ne ba a tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Duk ajin da aka biya kuɗinsa aka bar shi rabi, ko aka gina shi da siminti na ganin ido, yana nufin yara hamsin ko sittin sun koma rumfar kara. Kuma mun san abin da rumfar kara ke iya yi. Ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta cinye yara ashirin a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Ranar 8 ga Nuwamban wannan shekara ta kashe aƙalla 25 a Maraɗi. A farkon 2023 ta ɗauki yara uku a cikin birnin Damagaram. Bayan ta Maraɗi gwamnati ta hana sanya ƴan rainon yara a azuzuwan zana, shugaban ƙasa na lokacin, Mohamed Bazum, kuma ya ce akwai irin waɗannan azuzuwa kimanin dubu 36 a ƙasar. Waɗancan gobara a birane suka faru, inda ake da motar kashe wuta. Ƙauyen da ke kilomita ɗari daga kwalta, wanda rijiyarsa ke da gaba da yawa, da me zai kashe tasa? Abin takaici kuma, gundumar Tanut ita ke ɗauke da matatar man fetur ta ƙasa, wadda aka buɗe a ƙarshen 2011 a ƙaramar hukumar Olelewa. Mai wucewa da dare yana hango fitilunta daga nesa. Ba za a iya gamsar da manomin da ke kallon waɗannan fitilu cewa ƙasa ba ta da kuɗin bulo ba, sai dai a nuna masa lissafi.

An yi zaton kusanto da mulki kusa da jama'a zai gyara wannan. An zaɓi kansiloli karon farko a 2004. A 2011 aka ɗaga Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da ƙaramar hukuma guda, wato Tarka, aka bar wa Tanut biyar: Tanut, Gangara, Olelewa, Falanko da Tenhiya. A Janairun 2016 gwamnati ta fitar da dokar da ta miƙa wa ƙananan hukumomi gini da gyaran makarantun firamare. Sai dai an miƙa aikin da sauri, kuɗin kuwa yana tafiyar hawainiya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 masu agaji da yawa suka dakatar da tallafinsu, a watan Afrilun 2024 kuma aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Ko me mutum ke tunani game da wannan mataki, sakamakonsa a fili yake: kansilan da talaka zai iya tarewa a kasuwa ya tambaye shi labarin aji ya tafi. Kwamitin makaranta kusan shi kaɗai ya rage wanda mutanen gari suka zaɓa da hannunsu. Wannan ya ƙara masa daraja, ya kuma ƙara masa nauyi.

Saboda haka ba za mu rufe ido ga laifin kwamitocin kansu ba. Akwai inda aka yi zaɓe sau ɗaya, shugaba ya zauna kamar an naɗa masa rawani, ɗansa ya gama makaranta tun tuni amma shi yana nan. Akwai inda maigari ke nuna ƙanensa, jama'a su ce sun yarda don kunya. Akwai inda ma'aji bai iya karatu ba, direkta ya haɗa alƙalami da akwati a hannunsa, shi ke saye, shi ke rubutawa, shi ke shaida. Akwai inda kujerar mata suna ce kawai, sai ranar da baƙi za su zo a tuna da ita, alhali tun Disamban 2017 doka ta ce a kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16, kuma babu mai iya sanin yarinyar da ake shirin cirewa kamar uwaye mata. Akwai kuma inda gudunmawar da aka ce ta son rai ce ta zama haraji, har a kori yaro daga aji don ubansa bai biya ba. Kwamitin da ba ya ba da lissafi ga waɗanda suka zaɓe shi ba shi da bakin neman lissafi a wurin kantoma.

A arewacin yankin, wajen Tenhiya da kwarin Tarka, akwai wata matsala ta dabam. Makiyayi ba ya barin ɗansa a makaranta sai in akwai abinci, domin shi zai bi dabbobinsa. A nan ɗakin ajiyar abinci ya fi aji muhimmanci: ranar da tukunya ta sauka, ranar makaranta ke watsewa. Buhunan da ke shiga da waɗanda ke fita, ya kamata a ƙirga su gaban wakilan uwaye, kuma a kira babban taro lokacin da makiyaya ke kusa da rijiyoyinsu. Taron da aka yi bayan sun yi nisa taron direkta ne da maƙwabtansa.

Ga abin da muke nema, kuma babu ko ɗaya da ke bukatar rance daga Bankin Duniya.

Na farko, duk kuɗin da aka ware wa makaranta, na gwamnati ne, na ƙaramar hukuma ne, ko na masu agaji, a rubuta adadinsa da ranar zuwansa a liƙa a ƙofar makaranta, a kuma karanta shi a babban taro da gidajen rediyon karkara. A rubuta da Hausa, boko da ajami, a fassara da Tamajak, Fulatanci da Barbarci inda ake bukata. Tun da kundin da aka amince da shi a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, babu sauran hujjar ɓoye lissafin talaka cikin Faransanci.

Na biyu, tallafi ya iso kafin a koma makaranta. Kuɗin da ya zo a tsakiyar rani bai sayi allin Oktoba ba.

Na uku, kafin a zuba tubalin farko na kowane gini, a ba kwamiti kofin takardar kwangila: sunan ɗan kwangila, kuɗi, wa'adi da kayan da aka rubuta. Kada a karɓi aiki, na wucin gadi ko na ƙarshe, kada kuma a saki kuɗin da aka riƙe, sai da sa hannun shugaban kwamiti da na wakiliyar mata.

Na huɗu, a sabunta zaɓen kwamitoci a kan lokaci, da ƙuri'ar asiri kamar yadda aka koyar tun farko, a kuma raba akwati da alƙalami. Duk kuɗin da zai fita, sai da hannu biyu.

Na biyar, rahoton da kwamiti ya kai wa sufeto game da fashin malami ko ɓatan kaya ya sami amsa a rubuce cikin wata guda, kuma a kusanto da wurin biyan malamai domin a toshe hujjar tafiya.

Sauran magana gare ku take, masu karatu, domin ku ne a tsakiyar wannan al'amari. Kai ɗan kasuwa, kai ke kawo siminti, kai ke kawo tebura, kai ke karɓar kwangila. Mun san kukanka: kafin takarda ta fito an tatse ka a kowane ofis, bayan ka gama aiki kuma ka yi shekara kana bin kuɗinka. To, lissafin fili kariyarka ce, domin wanda aka liƙa kuɗin aikinsa a bango yana da abin nuna wa mai neman kasonsa. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kai kuma ma'aikaci, direkta ne kai, sufeto, ko mai sa hannu a baitulmali, ka tuna cewa da yawanku daga irin waɗannan ƙauyuka kuka fito, kuma wani dattijo ne ya ɗauko karan rumfar da kuka fara koyon baƙi a cikinta. Jikansa ne yau ke zaune a ƙasa.

Damargu ta taɓa zama rumbun da ayarin Abzin ke sauka su ɗauki hatsi. Fatake da manoma na wancan zamani ba su da takardar shaida, amma sun san mudu, sun san awo, ba a kuma rufe ciniki sai gaban shaidu. Abin da jikokinsu ke nema ke nan a kan kuɗin makarantar ɗiyansu. Muna kira ga gwamnan Damagaram, da shugabannin gundumomin Tanut da Belbeji, da kantomomin ƙananan hukumomi shida, su fara da abu mafi sauƙi: kafin kaka mai zuwa, kowace makaranta ta ga lissafinta a ƙofarta. Mu kuwa a namu ɓangaren, shafukan wannan jarida a buɗe suke ga duk kwamitin da ya nemi lissafi aka hana shi. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.